Idan Ruwa Ya Cinye Hanya

Duk wanda ya yi damina a Mpape ya san ɓarnar ruwa. Dare ɗaya zai gangaro daga kan duwatsu ya haƙa kwazazzabo a tsakiyar lungu. Gari ya waye, gida na nan, rijiyar burtsatse na nan, amma mai ruwa ya tsaya da kurarsa a bakin rami, babu ta inda zai kai jarkoki.

Haka raunin ƙwaƙwalwa yake. Ɗan acaɓa ne ya faɗi ba hular kwano, ko dutse ya sami lebura a ka wurin fasa duwatsu, ko hawan jini ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko sanƙarau ya kama yaro. Mutum ya tashi, amma hanyoyin da saƙo ke bi a cikin kansa sun yanke. Ga kofi a gabansa, ya san shi sarai, sunan ya ƙi zuwa bakinsa. Idan ɓangaren hagu ya taɓu, hannu da ƙafar dama ne ke mutuwa, sau da yawa har da magana. Idan wajen goshi ne, hali ke canzawa, mai haƙuri ya koma mai saurin fushi. Nan ne ake cewa iska ce ko sammu, har a kulle shi a ɗaki. Wannan yana min ciwo, domin rauni ne, kuma ana jinyarsa.

To, yaya mutanen lungu suke yi? Wani ya ratsa ta bayan katanga, wani ya bi sawunsa, yau da gobe ciyawa ta kwanta, turba ta fito. Ƙwaƙwalwa ma tana fitar da sabuwar hanya idan ana yawan bi, musamman a watannin farko. Shi ya sa a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, bayan hoton kai da magani, ake tura majinyaci wajen masu gashin ƙashi su koya masa tsayuwa da taku.

Sauran aikin na gida ne. Yaya, bar shi ya ɗaga cokalin da kansa ko da kunu zai zube. Inna, jira shi ya ƙarasa maganarsa, kada ki ƙarasa masa. Duk ranar da ya gwada, ya ƙara taka turbar nan ne, kuma da yardar Allah wata rana ruwa zai isa gida.