Yadda Manomi Zai Auna Nauyin Damuwarsa

Kowane manomi ya san buhu nawa jakinsa zai iya ɗauka. In kaya sun yi yawa, yakan rage. Amma kaɗan ne a cikinmu suke auna kayan da zuciyarsu take ɗauke da su.

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi kayan nan sun ƙaru. Baƙuwar tsutsar masara ta shigo Nijeriya a 2016, har yau kuwa muna fama da ita. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota da na ban-ruwa suka hau. A wajajen Faskari, Sabuwa da Dandume 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu. Ga bashin taki, ga kuɗin makaranta.

In mutum ya ga maciji a kunya, jikinsa yakan zuba wani sinadari cikin jini, sunansa adiranalin. Zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, domin ya tsere. Maciji ya wuce, jiki ya kwanta. Amma bashi ba ya wucewa kamar maciji. Jiki yakan zauna cikin shiri dare da rana har ya gaji. Wannan yakan kawo ciwon kai da rashin barci, yakan kuma ƙara hawan jini.

Ga hanyar awo. Kowace yamma ka yi wa kanka tambayoyi shida:

1. Barci ya ƙi zuwa jiya da dare?
2. Na kasa cin abinci kamar yadda na saba?
3. Kai ko wuya ko ciki ya yi mini ciwo, ba kuwa zazzaɓi?
4. Na yi wa iyali faɗa a kan abin da bai kai ba?
5. Na manta abu, ko na yi kuskure a aikin da na iya?
6. Na guje wa zama da mutane?

Duk tambayar da ka amsa da "i", ka jefa ƙwayar masara ɗaya a gwangwani. Ƙarshen mako ka ƙirga, ka gwada da na makon jiya. Uwargida ma ta ajiye nata gwangwani, gama daka da ɗiban ruwa da reno ba ƙananan kaya ba ne.

Wannan ba awon likita ba ne, amma yana nuna inda ka dosa. In ƙwayoyi sun ƙaru a watan Yuli da Agusta, lokacin da noma ya yi zafi rumbu kuma ya yi ƙasa, ba abin mamaki ba ne. Amma in kaka ta zo ba su ragu ba, lalle kaya sun fi ƙarfinka.

Sa'an nan sai ka rage. Ka gaya wa aminin da ka yarda da shi, ko fasto, ko liman. Ku yi gayya. Ka je wurin mai binka bashi ku shirya, kada ka riƙa ɓuya. Kada ka nemi ƙarfi wurin tiramol ko giya, gama ƙarin kaya ne.

In baƙin ciki ya kai mako biyu bai sake ka ba, ka je Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, a auna jininka kuma. In yana kai 140 bisa 90 sau da sau, ana bukatar kulawa. Wanda ya fara tunanin kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Ɗan'uwa, ka fara ƙirga yau da yamma.