Ko Kun Sani? Ruwan Goronyo da Kuɗin Bincike

Madatsar Ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a kan Gulbin Rima a 1984, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Amma a 2018 ruwan ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100, hankalin manoman shinkafa, albasa da tafarnuwa daga Goronyo zuwa Wurno ya tashi matuƙa. Shi ya sa binciken dabarun ban ruwa ba tare da ɓarna ba ya cancanci kuɗi sosai. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 ga shirin ban ruwa na TRIMING, wanda ya shafi wannan yanki. Gyaran madatsu da magudanai ya ci mafi yawan kuɗin, bincike ya samu ɗan kaso.