Asarar Murya Bayan Fiɗar Maƙoƙo: Sababinta da Maganinta

Yakan faru a asibitocinmu, kamar yadda yakan faru a na sauran duniya, a yi wa mace fiɗar maƙoƙo, aiki ya tafi lafiya, a raba ta da ƙullutun da ya yi shekara da shekaru yana nauyaya mata wuya, ta farfaɗo daga maganin barci, dangi su kewaye gado ana yi mata sannu da barka da arziki, amma da ta buɗe baki za ta amsa, sai a ji wata raunanniyar raɗa mai cike da iska a maimakon muryar da aka san ta da ita. Daga nan kowa sai ya kawo nasa tawili: wani ya ce likita ya yanke mata maƙogwaro, wata ta ce hannun maƙiya ne, wasu kuma su ce ƙaddara ce, babu abin yi sai haƙuri. Alhali kuwa wannan lalura tana da sababi sananne wanda masana ɗibbu suka bayyana tun ƙarnoni masu yawa, kuma galibinta tana da magani, muddin an neme shi a kan kari.

Asalin maƙoƙo kumburi ne na wata halitta da ke gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, wadda likitoci ke kira tayirod. Ɓangare biyu gare ta, na dama da na hagu, sun rungumi bututun iska, nauyinta a jikin baligi bai wuce giram 15 zuwa 25 ba, aikinta kuwa shi ne fitar da sinadarin da ke daidaita kuzarin jiki da ɗuminsa da bugun zuciya. Takan kumbura in ta rasa aidin a cikin abinci, wanda shi ne dalilin da ya sa Nijeriya ta wajabta zuba aidin a gishiri tun 1993. Takan kuma kumbura saboda ƙari, ko ciwon daji, ko yawan aiki fiye da kima, kuma mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba. Idan kumburin ya kai ga danne hanyar numfashi, ko aka yi zargin daji, ko magani ya kasa, to, babu makawa sai fiɗa.

Ita kuwa murya, mafitarta wasu tantani ne guda biyu da ke kwance a cikin maƙogwaro, daidai bayan zakaran wuya, waɗanda ke buɗewa idan mutum zai ja numfashi, su haɗu idan zai yi magana, su rufe ruf idan zai haɗiyi abu, don kada ruwa ko loma su ɓace hanya su faɗa huhu. Wanda ya taɓa duba bakin algaita ya ga misalinsu, domin kamar yadda 'yan harsuna biyu na bakin nan ba su ba da amo sai sun matsu da juna iska ta ratsa tsakaninsu, haka tantanin nan ba su haifar da sauti sai sun haɗu iskar huhu ta kaɗa su, sau 100 da 'yan kai a daƙiƙa guda ga namiji, kusan sau 200 ga mace.

Abin da ke ba su umurnin buɗewa da rufewa jijiya ce ta motsi, ba ta jini ba, ɗaya a kowane gefe, kuma tafiyarta na daga cikin abubuwan al'ajabi na halitta. Maimakon ta fito daga ƙwaƙwalwa ta zarce maƙogwaro, wanda ke kusa, sai ta gangara tare da uwarta, wato babbar jijiyar da take reshenta, har cikin ƙirji, ta hagu ta zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, ta dama ta zagaya ƙarƙashin wadda ke kai jini hannu, sa'an nan su juyo su hauro ta wani ɗan kwari da ke tsakanin bututun iska da hanyar abinci, su bi ta bayan tayirod manne da ita, kana su shiga maƙogwaro. Saboda haka ake ce mata jijiya mai komowa, kuma a jikin raƙumin dawa wannan zagaye ya haura mita 4. A jikin mutum kaurinta kamar milimita 2 ne kawai, ga shi kuma Mahalicci ya ajiye ta daidai inda wuƙar mai fiɗar maƙoƙo za ta bi.

Jalinusu, babban hakimin nan na Yunanawa wanda ya rayu a ƙarni na 2 bayan Annabi Isa, shi ya fara bayyana aikinta a bainar jama'a a birnin Rum, inda ya sa aka ɗaure alade yana ta kururuwa, ya tsaga wuyansa ya datse jijiyar, nan take kukan ya ɗauke, alhali dabbar tana numfashi tana ta shure-shure. Ya kuma ba da labarin yara biyu da aka yi wa fiɗa a wuya ba tare da sanin wannan jijiya ba, ɗaya ya rasa muryarsa ɗungum, ɗaya ya rasa rabinta. Malaman ɗibbu na Musulunci, irin su Razi da Ibn Sina, sun gaji wannan ilimi sun ambace shi a littattafansu. Duk da haka fiɗar maƙoƙo ta daɗe tana zaman kasada, har a 1850 majalisar likitocin Faransa ta hana yin ta, saboda a zamanin nan kusan mutum 40 cikin 100 ba su tashi daga gadon fiɗar. Sai da Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ya kyautata aikin da tsafta da natsuwa da tsayar da jini, har mace-macen suka koma ƙasa da 1 cikin 100, aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Bayansa, a 1938, Frank Lahey na Boston a Amurka ya kafa hujja a kan cewa hanyar tsare jijiyar ita ce likita ya neme ta da gangan, ya gan ta da idonsa, ya bi ta har inda ta shige, maimakon ya kauce wa wurin yana fata. A kan wannan ra'ayi jumhurun likitoci suke a yau.

Amma ganin jijiya bai zama lamuni ba, domin ba lalle sai an yanke ta take shanyewa ba: ja kaɗan yayin ɗago maƙoƙon, ko matsa ta da almakashin kama jini, ko zafin na'urar ƙona jijiyoyin jini, ko kumburin bayan aiki, kowanne ya isa ya sa ta daina kai saƙo. Bisa ga ƙididdigar da aka tattara daga asibitoci da yawa, kamar mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ne ke samun shanyewar wucin gadi, wadda ke warwarewa cikin makonni ko watanni, waɗanda tasu ke zama ta dindindin kuwa kamar 1 zuwa 2 ne cikin 100. Hatsarin yana ƙaruwa idan maƙoƙon ya yi girma ainun ko ya nutsa cikin ƙirji, idan daji ne, idan kuma fiɗa ta biyu ce a wurin da tabo ya riga ya cakuɗa nama da jijiya.

Idan gefe ɗaya ne ya shanye, tantanin gefen sai ya tsaya cik, ɗan'uwansa ya zo haɗuwa da shi ya tarar da giɓi, iska ta dinga zurarewa a banza. Mai wannan lalura ba ya iya kai jimla ƙarshe sai ya tsaya ya ja numfashi, in ya yi sallama a ƙofar gida ba a ji daga tsakar gida, a kasuwa ko wurin biki kuwa sai dai a ga bakinsa na motsi. Tarinsa ba shi da ƙarfi, ruwa yakan ƙware shi alhali tuwo na wucewa lafiya, kuma a nan hatsari yake, don abin da ya ɓace hanya yana iya haifar da ciwon huhu. Idan kuwa gefe biyun ne suka shanye, wanda nadiran ne yake aukuwa, to, al'amarin ya juye, domin tantanin biyu sukan tsaya kusa da juna, murya ta fita ba laifi, amma numfashi ya ƙuntata har a ji ƙara in ana jan iska. Wannan lalura ce ta gaggawa, wadda wani lokaci ba ta da mafita sai an huda bututun iska a gaban wuya an sa ƙaramar roba.

Akwai kuma wata jijiya ta biyu, wadda ta fi ta farko siranta, tana wucewa ta saman tayirod, aikinta ɗaure tantanin murya don sauti ya hau sama. In ta sami rauni mutum yana hira kamar kowa, ba mai lura, sai ran da ladan ya zo ɗaga murya ya ji ta ƙi hawa, ko mai guɗa ta ji guɗar ta karye mata, ko alaramma ya ga ya gaji tun bai kai rabin izu ba. Likitoci sun daɗe suna buga misali da Amelita Galli-Curci, shahararriyar mawaƙiyar Italiya da aka yi wa fiɗar maƙoƙo a Chicago a 1935, wadda muryarta ba ta koma yadda take ba, ko da yake masu bincike na baya sun yi saɓani a kan ko fiɗar ce sanadi.

Ba kowace dusashewa ce shanyewa ba, domin robar numfashi da ake zurawa yayin barcin fiɗa takan goge maƙogwaro, tabo yakan ɗaure naman wuya, wanda aka cire masa tayirod duka kuma bai sha ƙwayar da ke maye gurbinta ba muryarsa takan yi kauri. Ba a rarrabe waɗannan da kunne, sai da ido: likitan kunne da hanci da maƙogwaro yakan zura siririyar na'ura mai fitila ta hanci, ya ce wa majiyyaci ya ja sautin "iii" sa'an nan ya shaƙi iska, cikin 'yan mintoci ya ga ko tantanin biyu na motsi. Ana yin wannan a sassan kunne da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Game da magani, jijiyar da ba a yanke ba takan farfaɗo da kanta a hankali, shi ya sa likitoci ke jira wata 6 zuwa 12 kafin su yanke hukuncin cewa shanyewar ta tabbata. Amma jiran nan ba na naɗe hannu ba ne: masanin gyaran magana yakan koya wa majiyyaci yadda zai sarrafa numfashinsa ba tare da murɗe wuya ba, da yadda zai sunkuyar da haɓa ko ya juya kai wajen gefen da ya shanye in zai kurɓi ruwa; ana kuma iya yi wa tantanin allurar wani abu mai cika shi ya matso tsakiya, wanda ke narkewa bayan watanni. In shekara ta cika ba sauyi, akwai aikin da Nobuhiko Isshiki na Kyoto a Japan ya bayyana a 1974, inda ake buɗe 'yar taga a guringuntsin maƙogwaro a sa ɗan abin tokare, majiyyaci yana farke yana magana, likita na gyarawa har murya ta daidaita. Akwai kuma ɗinka wata jijiyar wuya a jikin wadda ta mutu, don naman tantanin ya riƙe ƙarfinsa.

Abin da ya wajaba a kan mai maƙoƙo, saboda haka, shi ne kada tsoron asarar murya ya sa ya yi ta jinkiri yana rufe wuya da gyale ko rawani, yana yawon tsaga da shafe-shafe, domin jinkirin nan shi ne ke girmama maƙoƙon har fiɗarsa ta yi wuya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haƙƙinsa ne ya tambayi likita sau nawa yake irin wannan aiki, tun da bincike ya nuna waɗanda ke yin sa fiye da sau 25 a shekara sun fi ƙarancin samun matsala. Haƙƙinsa ne kuma a duba tantaninsa kafin fiɗa, musamman in muryarsa ta riga ta sauya ko an taɓa yi masa aiki a wuya, kuma in da murya yake cin abinci, ya faɗa tun ba a tambaye shi ba. Likita shi ma amana ce a wuyansa ya bayyana wannan hatsari da harshen da majiyyaci ke ji, kafin a sa hannu a takarda. Wanda kuma aka sallame shi ya ga mako biyu sun wuce muryarsa ba ta komo ba, ko ruwa na ƙware shi, ya koma asibiti ya nemi a duba. In numfashi ne ya ƙuntata, kada ya jira wayewar gari. Tawakkali ba ya hana riƙon sababi, kuma a wannan mas'ala sababin a fili yake, yana hannun likitocin da ke cikin garuruwanmu.