Ci da Ciniki da Al'ada a Bakin Ruwan Tiga

A cikin Hausar kakanninmu babu kalma guda da ke nufin garin da mutum zai tafi don kawai ya zauna a bakin ruwa ya huta. Bahaushe ya san fatauci, ya san ci-rani, ya san zumunci da yawon neman ilmi, kuma kowace tafiya daga cikin waɗannan tana da dalilinta. Kalmomin “yawon buɗe ido” da “wurin shaƙatawa” baƙi ne, rediyo da jaridu suka yaɗa su. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda wannan baƙuwar ɗabi'a ta zauna tare da tsofaffin al'adun ci da ciniki a wani ɗan ƙaramin gari na ƙasar Kano, watau Tiga, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birni.

Tilas ne a fara da cewa ruwan Tiga ba tafki ne na asali ba. An datse Kogin Kano ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da babban farin nan ya addabi ƙasashen Hausa. Ruwan da ya taru ya mamaye fili wajen murabba'in kilomita 178, ya ci gonaki da ƙauyuka, aka sake wa mutanensu matsuguni. Babbar manufar aikin ita ce noman rani a Kadawa da Kura da kewayensu, sa'an nan da ruwan sha. Shaƙatawa ta biyo baya ne: aka gina masaukin baƙi na Rock Castle a kan dutse a Tiga, aka gina wani a gefen ruwan Bagauda da ke kusa. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, mutanen wurin ba su cika cewa “tafki” ba, balle “madatsar ruwa” ta masu karanta labarai. “Dam” suke cewa, kuma kalmar ta haɗa ginin da ruwan gaba ɗaya, har a ce an tafi bakin dam, ko dam ta cika.

Kifi da sunayensa

Kanawan wannan yanki manoma ne tun asali. Su da suka sani na rani ne, lokacin da kogi ya tsinke ya bar gurabe, a taru a shiga da koma da hannu. Su na kullum, wanda ake yi da kwalekwale a kan ruwa mai zurfi, sana'a ce da ta kafu a wurare irin su Kabi da Yawuri da kwarin Haɗeja, kuma al'adar masunta ce su bi ruwa duk inda ya taru. Saboda haka kalmomin da ake ji a bakin dam su ne waɗanda ake ji a can: birgi, watau ragar da ake jefawa ta buɗe kamar faifai, kalli, wadda ake shimfiɗawa a ruwa ta kwana, taru, mai tsawo da mutane da yawa ke ja zuwa gaɓa, mamari, igiya mai jerin ƙugiyoyi, da gura, wadda kifi ke shiga ya kasa fita.

Ɗan birni yakan ce “kifi” ya wuce, ko ya raba shi biyu, ɗanye da banda. Masunci ba ya yin haka. Karfasa ita ce ta yau da kullum, ita ake soyawa a kasko ta yi ƙamas, a barbaɗa mata yaji, a naɗe a takarda. Tarwaɗa mai santsi ce, ba ta da ɓawo, tana jure rashin ruwa, don haka takan isa kasuwa da ranta. Ita ce ta romo, ita ce kuma aka fi lanƙwasawa a yi banda da ita. Ragon ruwa mai tsoka ne da ƙarancin ƙaya. Ƙurungu kuwa na talaka ne, ƙayarsa na suka, amma tsofaffi sun san daɗinsa a miyar kuka. A nan ya kamata a ambata cewa a mazhabar Malikiyya, wadda jama'ar wurin ke bi, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne ba tare da yanka ba, don haka mahauci ba shi da rabo a wannan nama. Wataƙila wannan yana daga cikin abin da ke rura wasan barkwancin da ke tsakanin mahauta da masunta, kowa na kushe abin hannun ɗan'uwansa.

Banda ita ce ta mai da kifi abin fatauci. Ɗanye ba ya wuce yini a zafin bazara, amma wanda aka ƙyafe a kan hayaƙi yakan yi makonni, a lafta shi a kwali zuwa birni. Akwai kuma camfin da ke cewa wanda ya haɗa kifi da nono zai gamu da ciwon fata. Likitoci ba su yarda da wannan ba, amma har yanzu uwa takan hana ɗanta fura idan ta ji ƙarnin kifi a hannunsa, ko da Bafulatanar tana zaune da ƙwaryarta taku goma daga mai suyar.

Ruwan bai tsaya ga kifi ba. Noman rani ya canza tukunyar ƙasar nan dukanta. A dā tuwon dawa da na gero ne abincin kullum, shinkafa kuwa sai Salla ko suna. Da magudanan ruwa suka isa Kura da Bunkure da Garun Malam, shinkafa ta zama ta kowa, garau-garau ya zama kalacin ɗan makaranta da lebura, tumatir ya yi yawan da har ya kafa kasuwarsa a Kwanar Gafan, a kan hanyar Zariya.

Yadda ake ciniki

Da sassafe ake sayen kifi, sa'ad da jirage ke dawowa. Ba a faye awo da sikeli ba. Kashi-kashi ake yi, ko a sayar da kwando ɗungurungum ga 'yan sari. Mai saye zai ce, “Baba, nawa kashin nan?” Mai kaya ya ce, “Taya mana, Alhaji.” In tayin bai kai ba, amsar ita ce “Albarka,” kalma mai ladabi da ke ƙin kuɗin ba tare da ta ƙi mutumin ba. In ya kai, sai a ce “Na sallama,” kuma daga nan ciniki ya faɗa, komawa baya abin kunya ne. Sa'an nan mai saye ya nemi gyara, a jefa masa ɗan kifi ɗaya ko biyu a kai. Idan kayan na da yawa dillali kan shiga tsakani, ya karɓi la'adarsa.

Baƙon da ya zo shaƙatawa yakan yi kuskure biyu a nan. Na farko, ya faɗa tambayar farashi bai yi gaisuwa ba. Na biyu, ya biya abin da aka fara faɗa masa, yana jin ya yi karamci, alhali ya ɓata wa na bayansa ciniki ne, ya kuma hana mai kaya hirar da ke cikin sana'arsa. Har ila yau lissafin tsofaffi kan rikita shi. Ko da yake naira ta maye gurbin fam tun 1973, akwai masu ƙirga da jaka, watau naira 200, wadda ita ce fam ɗari ta dā, har su ce jaka biyar suna nufin naira 1,000.

Inda al'adu biyu suka gamu

Wurin da baƙuwar ɗabi'a ta fi cin karo da tsohuwar shi ne ci a bainar jama'a. A tarbiyyar Hausawa dattijo ba ya cin abinci a kasuwa ko yana tafe; yakan sa a naɗe masa tsire ya kai gida, ko ya shiga rumfar abokinsa ya juya baya. Mai shaƙatawa kuwa abin da ya kawo shi ke nan: ya baje tabarma a fili, shi da iyalinsa, su ci kowa na gani. Mutanen gari sun sami hanyar zama da wannan ta wurin ɗaukar bakin dam kamar daji ko gona, inda dokar cikin gari ke sassauci, tun da ko manomi a gindin itace yake cin abincinsa. Abin da ba su sassauta a kai ba shi ne tsiraici wajen wanka da cuɗanyar samari da 'yan mata bayan magariba.

Abincin da baƙon ke ci ma daga cikin gidaje yake fitowa. Matan aure ke dafa ɗanwake da dambu da kwaɗon zogale a bayan katanga, 'yan mata su ɗauko talla. Ke nan kuɗin mai yawon buɗe ido yakan ƙare a hannun matar da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Ranar da aka fi cika ita ce ta yawon Salla, kuma ita ce ranar da masunta suka fi zama cikin shiri, domin yaran birni ba su san zurfi ba. A al'adar su, Sarkin Ruwa ne ake nema in ruwa ya ci mutum, shi ke sasanta rigimar wurin kafa kalli, kuma gidan masunta ake kai wanda ƙaya ta maƙale wa a wuya, a yi masa tofi. Dam ɗin da injiniyoyi suka gina bai tsira daga labarin 'yan ruwa ba; duk inda ruwa ya yi zurfi ya yi shiru, Bahaushe zai ba shi masu shi.

Masaukan baƙin ba su yi ƙarkon kasuwar kifin ba. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a damunar 1988, daga baya kuma aka mai da masaukin can reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Na Tiga ya yi shekaru cikin rashin kulawa. A can ƙasa kuma, kwarin Haɗeja da Nguru ya rasa wani kaso na ambaliyar da sunsa da nomansa suka dogara a kanta, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Ragar leda ta kanti ta kori saƙar hannu, kalmomin saƙar na tafiya tare da masu ita. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi nazari a kai zai sami aiki a nan: ya zauna da tsofaffin masunta ya rubuta sunayen kifi da na kayan su, ya gwada su da na Argungu da Yawuri, inda wanda Bakano ke kira karfasa ake ce masa gargaza.