Su Wa Suka Ɗora Duwatsun Dalar Giza?

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau ƙasar Masar muka nufa.

Da wuya a tayar da hirar dalar Giza a majalisa wani bai ce, "Ai wannan aikin aljanu ne" ba. A Turai da Amurka ma akwai masu cewa wasu halittu ne suka sauko daga sararin samaniya suka gina ta. Wanda ya ji lissafin ba zai yi saurin ganin laifinsu ba. Babbar dalar, wadda aka gina wa Sarki Khufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta ya kai mita 146 lokacin da aka gama ta. An ƙiyasta duwatsun da ke cikinta sun kai miliyan 2 da dubu 300, nauyin kowanne a matsakaicin lissafi tan biyu da rabi. A can ɗakin sarki da ke cikin dalar kuwa akwai gumagumai na jan dutse da wasunsu suka haura tan 50, waɗanda aka ɗauko tun daga Aswan, tafiyar kilomita 800. Kuma a zamanin babu kayan aiki na baƙin ƙarfe, balle injin ɗaga kaya.

To amma maginan sun bar sawu. Sun bar kayan aikinsu, sun bar zane a bangon kaburbura, ɗayansu ma har rubutu ya bari.

Mu fara da fasa dutsen. Mafi yawan duwatsun dalar farin dutse ne mai ɗan laushi, kuma nan kusa da wurin ginin aka haƙo shi. Da cizal na jan ƙarfe da gudumar itace ake yanka masa kwari ta kowane gefe, sannan a ɓamɓare shi daga ƙasa. Jan ƙarfe ba ya jimrewa, nan da nan yake dakushewa, saboda haka maƙera na gefe, aikinsu ke nan gyaran baki.

Jan dutsen Aswan kuwa ba ya jin cizal. Wanda ya je wurin fasa dutse na garin a yau zai tarar da wata doguwar hasumiya ta dutse guda a kwance, ƙasanta na manne da uwar dutsen. Da an tayar da ita, da tsayinta ya kai wajen mita 42, nauyinta ya zarce tan 1,000. Ana tsakiyar aiki ta tsage, aka watsar da ita. Asarar tasu ta zama ribar masu bincike, domin a jikinta ake ganin yadda aka yi aikin. An haƙa kwari zagaye da ita, faɗinsa daidai inda mutum zai tsuguna. Ma'aikaci zai riƙe dunƙulen wani baƙin dutse da ya fi jan dutsen tauri, ya yi ta buga shi a wuri ɗaya. Wanda ya taɓa ganin ana koɗa dutsen niƙa ya ga aikin, sai dai wannan koɗar wata da watanni ake yi. Dutsen ba fashewa yake ba, garinsa ne ke zuba kaɗan-kaɗan, a share, a ci gaba. Har yau ana ganin gurbin kowane mutum a jikin kwarin, jere da juna. Sarauniya Hatshepsut, wadda ta yi mulki shekara dubu bayan Khufu, ta sa an rubuta a gindin hasumiyarta ta Karnak cewa cikin wata bakwai aka sassaƙo guda biyu daga dutse. Alfahari take, kuma ta cancanci ta yi.

[Kiɗa]

An fasa dutse, saura ɗauka. A kabarin wani hakimi mai suna Jehutihotep, a Deir el-Bersha, an zana yadda aka ja wani ƙaton mutum-mutuminsa da aka ƙiyasta nauyinsa ya kusa tan 60. An ɗaure shi tamau a kan wani shimfiɗaɗɗen katako marar taya, mutum 172 na ja da igiyoyi a sahu huɗu. Wani na tsaye a kan gwiwar mutum-mutumin yana tafa hannu don a ja tare. A gaban katakon kuma ga wani yana tsiyaya ruwa a ƙasa. An daɗe ana ɗaukar wannan zuba ruwan a matsayin tsafi. A shekarar 2014 masana na Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka ga cewa idan aka jiƙa rairayi daidai gwargwado yakan yi tauri, ya daina taruwa a gaban katakon, ƙarfin da ake buƙata ya ragu da kusan rabi. Ruwan ya yi yawa kuma, aiki ya ɓaci. Ashe mai tulun nan ya san abin da yake yi.

Hawa tudu fa? A 2018, a Hatnub, inda ake fasa wani dutse mai sheƙi, an gano wata hanya mai gangara sosai ta zamanin Khufu, da matakala a gefe biyu da ramukan da ake kafa turaku. Masu binciken na ganin a jikin turakun ake naɗa igiya, wasu na ja daga sama, wasu daga ƙasa. Yadda aka tsara irin waɗannan hanyoyi a jikin dalar kanta har aka kai ƙololuwa, nan ne masana ke ta kai ruwa rana har gobe.

Amma a ganina, babbar shaida ba dutse ba ce, takarda ce. A shekarar 2013 wani masani Bafaranshe, Pierre Tallet, shi da abokan aikinsa suna tono a Wadi al-Jarf, wata tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, suka ci karo da takardun gargajiya na Masar, mafi tsufa masu rubutu da aka taɓa samu. A cikinsu akwai kundin aikin wani jami'i mai suna Merer, shugaban ma'aikata kimanin 40, a ƙarshen mulkin Khufu. Ba labari Merer yake bayarwa ba, rahoto ne irin na ma'aikaci ga ubangidansa: yau mun yini muna loda dutse a Tura, mun kwana a can, gobe mun kama hanya. Tura tana ƙetaren Kogin Nilu, daga nan ake samo lallausan farin dutsen da aka lulluɓe dalar da shi. Su cika jirgi, su bi kogi, su shiga magudanan da aka haƙa har wani tafki da ke kusa da wurin ginin, su sauke, su koma. Cikin kwana goma sukan yi sawu biyu ko uku. Lokacin cikar kogi ake wannan jigila, sa'ad da ruwa ke malala har kusa da gindin tudun Giza. Merer ya ma ambaci mai kula da aikin, Ankhhaf, ɗan'uwan sarki.

Su wane ne waɗannan mutane? Herodotus, marubucin Girka da ya ziyarci Masar shekara dubu biyu bayan ginin, ya ce mutum dubu 100 ne. Masana na yanzu sun fi karkata ga dubu 20 zuwa 30. An tono unguwarsu a kudancin dalar, aka sami gidajen gasa burodi da tulin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki, wato dai ana ciyar da su nama. A 1990 aka gano maƙabartarsu. Ƙashin bayan da yawa daga cikinsu ya nuna alamar ɗaukar nauyi na shekaru, wasu kuma sun karye an yi musu ɗori ya kama. Ƙungiya-ƙungiya suke aiki, kowace da sunanta da take rubutawa da jan fenti a jikin dutse. Wata ta kira kanta Abokan Khufu. Wata kuma, a dalar jikansa, ta zaɓi Mashayan Menkaure. Allah Ya kyauta!

Farin dutsen da Merer ya yi ta jigila kuwa, yawancinsa ba ya jikin dalar yanzu. Bayan dubban shekaru an ɓamɓare shi an yi gine-gine a birnin Alƙahira. Mai son ganin yadda lulluɓin yake sai ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar dalar Khafre, ɗan Khufu, da ke maƙwabtaka, inda saura ya tsira.

Nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Sai wani makon idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]