Zahiri da Baɗini a Finafinan Amurka: Abin da ke Jan 'Yan Kallo ga Ɗan Daba da Mai Kyan Hali

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ire-iren finafinan da suka daɗe suna cika gidajen sinima akwai guda biyu waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su. Na farko shi ne fim ɗin 'yan daba, watau labarin gungun miyagu masu shugaba da tsari, waɗanda suka mai da laifi sana'a. Na biyu kuwa fim ɗin soyayya ne na barkwanci, wanda ke nuna cewa kyan hali ya fi kyan sura. Wannan maƙala za ta bayyana asalin kowannensu da dalilan da suka sa yake da farin jini, sa'an nan ta nuna cewa tambaya ɗaya suke amsawa: shin da me ake auna darajar mutum?

2.0 Asalin Fim ɗin 'Yan Daba

Wannan nau'i ya kafu ne a Amurka a kan abubuwa biyu. Na ɗaya, dokar hana sayar da giya wadda ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933, ta buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na birnin Shikago ƙofar arziki. Na biyu, karyewar tattalin arzikin da ta soma a 1929, wadda ta raba miliyoyin mutane da aikin yi. A cikin wannan hali aka fitar da Little Caesar da The Public Enemy a 1931, da Scarface a 1932. Zubinsu ɗaya ne: yaro ɗan talakawa, galibi ɗan baƙin haure, ya hau ta hanyar bindiga, ya kai ƙololuwa, ya faɗo. A The Public Enemy har ƙofar gidan mahaifiyarsa aka kawo gawar tauraron a naɗe.

Hukumomi da malaman addini sun tsorata da yadda matasa suka ɗauki waɗannan taurari gwanaye. Saboda haka daga 1934 aka tsananta aiki da ƙa'idar tace finafinai da aka fi sani da sunan Hays, wadda ta hana a nuna laifi ta yadda mai kallo zai goyi bayan mai laifi. James Cagney, wanda ya fito ɗan daba a 1931, sai ga shi jami'in tsaro a fim ɗin G Men na 1935. Bayan an yi watsi da ƙa'idar a 1968 nau'in ya farfaɗo: The Godfather a 1972, sabon Scarface a 1983, da Goodfellas a 1990.

3.0 Dalilan Farin Jininsa

Dalili na farko shi ne hucewar takaici. Mutumin da ya wuni ana juya shi a wurin aiki, ko ya rasa aikin ma, yana samun sanyi idan ya ga wani irinsa wanda ba ya durƙusa wa kowa. A 1948 mai sharhi Robert Warshow ya yi bayanin cewa ɗan daban fim yana ɗauke da burin da al'ummar Amurka ta ɗora wa kowa, watau lalle sai mutum ya yi fice, kuma ficen nan ne ke halaka shi, domin wanda ya hau sama shi kaɗai ya zama abin hari. Mai kallo yakan ci riba biyu ke nan: ya ɗanɗana hawan, kuma faɗuwar ta tabbatar masa cewa zamansa a ƙasa ba asara ba ne.

Dalili na biyu shi ne neman adalci. The Godfather ya buɗe ne da wani mai sana'ar shirya gawa, wanda samari suka yi wa 'yarsa dukan kawo wuƙa, kotu kuma ta sallame su ba su kwana a kurkuku ba. Sai ya kawo kukansa ga Vito Corleone ranar bikin 'yarsa. Duk inda jama'a suka ɗebe tsammani daga hukuma, wannan fage ba ya bukatar tafinta.

Dalili na uku shi ne zumunci da amana. Gungun yana da dokokinsa na biyayya da riƙon asiri da kare dangi. Amma fa finafinan da suka amsa sunansu sukan nuna cewa wannan amana ta fatar baki ce: a kashi na biyu na The Godfather, na 1974, Michael Corleone ya sa an kashe ɗan'uwansa na jini.

Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce ga mai kallo Bahaushe. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, mai haɗama, amma shi yara ke jira ya fito. Muhammadu Gambo ya yi suna da waƙar ɓarayi, kuma akasarin masu saurarensa ba su taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Haka nan finafinan Indiya, waɗanda suka daɗe da samun gindin zama a Kano, sun kawo nasu salon. A Deewaar na 1975 Amitabh Bachchan ya fito ɗan dako a tashar jiragen ruwa wanda ya zama babban ɗan fasa-ƙwauri, ƙanensa ɗan sanda ya harbe shi, ya cika a hannun mahaifiyarsu. Ƙarshen duk ɗaya ne da abin da Hausawa ke cewa, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

4.0 Soyayya da Kyan Hali

Nau'i na biyu ya girmi sinima. Labarin kyakkyawar yarinya da dodo an buga shi a Faransa a 1740, aka taƙaita shi a 1756. A 1897 Edmond Rostand ya rubuta wasan Cyrano de Bergerac, labarin fasihi mai ƙaton hanci wanda ke rubuta wa wani kyakkyawan saurayi wasiƙun soyayya zuwa ga matar da shi kansa yake so. Ba ta gane mai kalmomin ba sai yana bakin mutuwa. Fim ɗin Roxanne na 1987 ya ɗauki wannan labari ya mai da shi barkwanci, ya kuma haɗa masoyan a ƙarshe.

Abin da ke jan mutane a nan shi ne cewa rayuwa ba haka take tafiya ba. A 1972 masana halayyar ɗan Adam uku, Dion da Berscheid da Walster, sun nuna wa ɗalibai hotunan mutanen da ba su sani ba. Ɗaliban suka jingina wa masu kyan fuska kyawawan halaye, suka kuma yi musu hasashen aure da aiki mafi daɗi. Fim ɗin yana rama wa wanda wannan son zuciya ya cuta. Barkwancin kuma yana da aikinsa: muni da ƙiba da kunya abubuwa ne masu ciwo, dariya ce ke ba da damar a taɓa su ba tare da mai kallo ya kau da kai ba.

A nan ma adabin baka na Hausa ya riga ya share fage. Akwai tatsuniyar budurwar da ta ƙi duk manemi mai tabo, ta ƙare a hannun wanda ba mutum ba. Akwai kuma karin magana irin su kyan ɗan maciji, da hali zanen dutse. Nazarin Kirk-Greene na 1974 kan mutumin kirki ya lissafa siffofi irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya, babu kyan sura a cikinsu.

5.0 Inda Gizo ke Saƙa

Kowane nau'i yana da saɓani tsakanin abin da yake faɗa da abin da yake nunawa. Fim ɗin 'yan daba yana cewa laifi ba ya riba, amma sa'o'i biyu yake kashewa wajen nuna tufafi masu tsada da motoci, minti biyar wajen nuna gawa. Yaro yana iya fita da hoton farko ya manta na biyu.

Fim ɗin kyan hali shi ma yakan warware saƙarsa. A She's All That na 1999 yarinyar da ake cewa ba ta da kyau tabarau kawai ta cire ta sauya tufafi, sai ta zama tauraruwa. A Shallow Hal na 2001 an juya wa saurayi hankali don ya riƙa ganin halin mutane a fuskarsu, sai yake ganin budurwarsa mai ƙiba siririya. Watau ko kyan zuciyar ma da siririn jiki aka siffanta shi, abin da ya jawo wa fim ɗin suka. Kaɗan ne suka tsira daga wannan. Fim ɗin Indiya Dum Laga Ke Haisha na 2015 yana cikinsu: amaryar ba ta rame ba har ƙarshe, angon da ya raina ta ne ya sauya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa nau'o'in biyu suna magana ne da mutum ɗaya, wanda yake jin ba a ba shi matsayin da ya cancanta ba. Ɗaya yana ce masa ya ƙwaci girma da ƙarfi, sa'an nan ya nuna masa farashin. Ɗayan yana ce masa ya yi haƙuri, akwai mai ganin abin da ke cikinsa. Ga malamin adabi, amfanin wannan shi ne ya koya wa ɗalibi ya raba saƙon da fim ke furtawa da wanda hotonsa ke cusawa, domin sau da yawa na biyun ne ke bin mai kallo gida.