BABI NA UKU: HELEN DA MATSAYIN 'YAR RAWA A FINAFINAN INDIYA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda waƙa da rawa suka zama ginshiƙin finafinan Indiya tun daga shekarar 1931, lokacin da aka fitar da Alam Ara, wato fim na farko mai magana a ƙasar. Wannan babi kuwa zai duba rayuwa da ayyukan Helen, wadda ta shafe fiye da shekara talatin tana rawa a finafinan harshen Hindi. Dalilin zaɓenta shi ne, tarihinta yana fito da wani tsari da masu shirya finafinan Bombai suka daɗe suna bi, na raba mata gida biyu: jaruma mai kunya da kamun kai a gefe guda, da kuma 'yar rawar kulob wadda ake ɗora wa duk abin da ba a yarda jaruma ta aikata ba. Helen ta yi suna ne a cikin wannan tsari, kuma da tsarin ya rushe sai sana'arta ta bi shi.

3.1 Asalinta da Shigarta Harkar Fim

An haifi Helen Ann Richardson ranar 21 ga Nuwamba, 1938 a birnin Rangun na ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yanzu. Mahaifinta ruwa biyu ne, jinin Turawa da Indiyawa, mahaifiyarta kuma 'yar Bama ce. Mahaifin ya rasu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da sojojin Japan suka mamaye Bama a 1942, sai dubban mutane suka yi gudun hijira a ƙasa, ta cikin dazuzzuka da duwatsu, zuwa yankin Asam na Indiya. Helen da mahaifiyarta da ƙaninta suna cikinsu. Mutane da yawa sun mutu a hanya saboda yunwa da cuta, mahaifiyar ma ta yi ɓari. Bayan sun yi jinya a garin Dibrugarh sai suka wuce Kalkata, inda cutar agana ta kashe ƙanin nata. Daga bisani suka zauna a Bombai, wato Mumbai ta yau.

Aikin nas mahaifiyar take yi, kuma albashinta ba ya riƙe gida. Wannan ne ya sa Helen ta bar makaranta tun tana ƙarama. Wata aminiyar gidansu mai suna Cuckoo, wadda ita ma ruwa biyu ce, kuma ita ce fitacciyar 'yar rawar finafinai a wancan lokaci, ta sama mata gurbi a cikin 'yan matan da ke rawa a bayan babbar 'yar rawa. A irin wannan matsayi ta fito a Shabistan da Awaara, duka a 1951. Ke nan buƙatar abinci ce ta kai ta gaban kyamara tana 'yar shekara goma sha biyu zuwa sha uku.

Tauraronta ya haska a 1958 cikin fim ɗin Howrah Bridge na darakta Shakti Samanta. Ta fito a matsayin 'yar rawa mai shigar Sinawa, O. P. Nayyar ya tsara kiɗan, Geeta Dutt kuma ta rera waƙar. Shekarunta goma sha tara a lokacin. A wannan shekara ce kuma ta yi rawa kafaɗa da kafaɗa da Cuckoo a Yahudi da Chalti Ka Naam Gaadi, daga nan ɗaliba ta shige gaban malama. Cuckoo ta rasu a 1981 cikin talauci, masana'antar da ta yi wa hidima ta riga ta manta da ita.

3.2 Irin Rawar da Aka Ware Mata

Kafin a fahimci aikin Helen, wajibi ne a san abubuwa biyu game da finafinan Hindi na wancan zamani. Na farko, 'yan wasa ba su ne suke rera waƙa ba. Ana ɗaukar muryar mawaƙi a faifai tun da farko, sannan ɗan wasa ya riƙa motsa baki yana bin ta. Saboda haka abin da 'yar rawa ta mallaka shi ne jikinta da fuskarta da iya bin kiɗa. Mawaƙiyar da ta fi rera wa Helen waƙa bayan Geeta Dutt ita ce Asha Bhosle, yayin da yayarta Lata Mangeshkar ta fi shahara da waƙoƙin jarumai mata. Wannan rabo na muryoyi ma wani ɓangare ne na raba matan gida biyu, ko da yake Lata ta rera wa Helen waƙar kulob a fim ɗin Intaqam na 1969.

Na biyu, hukumar tace finafinai da ke aiki da dokar 1952 tana sa ido ƙwarai a kan duk abin da ya shafi sha'awa, har sumba ma ta kusa ɓacewa daga finafinan. Haka kuma al'adar masu kallo ba ta yarda a ga macen da jarumi zai aura tana shan giya ko taba, ko tana rawa a gaban baƙin maza ba. Amma furodusa ya san cewa irin wannan rawa tana cika silima. Mafitar da aka samu ita ce a ƙirƙiro wata mace ta daban, a ajiye ta a otal ko kulob ko maɓoyar ɓarayi, a ba ta minti biyar ko shida ta yi abin da aka hana jaruma.

A nan ne asalin Helen ya yi wa masu shirya fim amfani. Kamanninta ba su nuna ta fito daga wata jiha ko ƙabila ta Indiya ba, don haka ana iya mayar da ita Basiniya yau, gobe Baturiya, jibi Balarabiya. Sunayen da ake ba ta a finafinai ma sun isa shaida: Kitty a Gumnaam na 1965, Ruby a Teesri Manzil na 1966, Monica a Caravan na 1971. Duk sunaye ne na Kiristoci ko Turawa. Ana ƙara mata da gashin kanti mai launin zinariya, da ɗan gilashi mai launi da ake liƙawa a ƙwayar ido, da fuka-fukan tsuntsaye a ka. Saƙon da ake isarwa ga mai kallo shi ne, wannan hali baƙo ne, daga Yamma ya zo, ba na 'yar gida ba ne. Marubuci Jerry Pinto ya yi dogon nazari a kan wannan batu a littafin da ya rubuta game da ita a 2006, wanda ya ci kyautar ƙasa ta littafin da ya fi kyau a kan harkar fim. Wani abin lura kuma shi ne, tsiraicin da ake gani a rawar tata yawanci na ido ne kawai, domin takan sa wata matsattsiyar riga mai launin fata a ƙarƙashin kayan rawar.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa rawar Helen ado ce kawai da za a iya yankewa ba tare da labari ya taɓu ba. Sau da yawa marubuta sukan ɗora wani muhimmin al'amari a kan lokacin rawar. A Sholay na 1975, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni, ta fito sau ɗaya tak, ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Tana rawa a gaban Gabbar Singh da yaransa da dare a bakin wuta, hankalin 'yan fashin ya koma kanta, su kuma Jai da Veeru suna laɓaɓowa don su tarwatsa makaman da aka kawo. Rawar ce ta ba su dama, ita ce kuma take riƙe da zuciyar mai kallo har zuwa fashewar. A Don na 1978 kuwa al'amarin ya fi haka zurfi. Ta fito a matsayin Kamini, wadda Don ya kashe mata saurayin da za ta aura. Ta yaudare shi zuwa ɗakin otal, ta riƙa yi masa rawa don ta riƙe shi har 'yan sanda su iso, ta kuma zare harsasan bindigarsa. Mai kallo ya san murmushin nata na ƙarya ne, Don bai sani ba tukuna. Yin rawar jan hankali tare da nuna tsoro da ƙiyayya a ido cikin lokaci guda aiki ne na ƙwararriyar 'yar wasa, kuma wannan fage yana daga cikin hujjojin da suka fi ƙarfi a kan cewa masana'antar ba ta yi amfani da rabin basirarta ba.

Ƙarshen Kamini mutuwa ce a hannun Don. Haka Ruby ta mutu da harbin bindiga a Teesri Manzil, haka Kitty a Gumnaam. Wannan maimaici yana da ma'ana. Labarin yakan bar mai kallo ya more rawar, sannan ya hukunta mai rawar, ko ya ba ta damar wanke kanta da jininta ta hanyar taimakon jarumin da take so amma ba za ta samu ba. Aure dai na jaruma ne. Ta taɓa fitowa a matsayin jaruma a wasu ƙananan finafinai, kamar Cha Cha Cha na 1964, amma manyan kamfanoni ba su ba ta wannan matsayi ba. A 1973 kamfanin Merchant Ivory ya shirya gajeren fim na tarihi a kanta mai suna Helen, Queen of the Nautch Girls, abin da ke nuna cewa sunanta ya riga ya tsallaka Indiya.

3.3 Rushewar Tsarin

Tun daga farkon shekarun 1970 aka samu wasu 'yan rawa kamar Bindu da Aruna Irani da Padma Khanna suna gogayya da ita. Amma ba su ne suka kawo ƙarshen zamaninta ba. Abin da ya kawo shi shi ne sauyin da aka samu a siffar jaruma kanta. Zeenat Aman ta fito a Hare Rama Hare Krishna na 1971 da shigar Turawa tana shan hayaƙi, masu kallo kuma suka tausaya mata. Parveen Babi ta fito a Deewaar na 1975 tana shan giya, tana zaune da jarumi ba aure. Zuwa 1980, a fim ɗin Qurbani, jarumar da kanta ce 'yar rawar kulob. Idan jaruma za ta iya yin rawar, furodusa ba shi da dalilin biyan mace ta biyu. Fim ɗin Don ya haɗa zamanin biyu wuri guda: Helen ta yi rawa ta mutu tun a farkon labari, Zeenat Aman kuma, a matsayin Roma, ta ɗauki fansar da sauran fim ɗin.

A tsakiyar waɗannan shekaru Helen ta shiga matsin rashin kuɗi. Marubuci Salim Khan, wanda shi da Javed Akhtar suka rubuta Sholay da Don, ya taimaka mata da samun aiki, daga baya kuma ya aure ta a 1981 a matsayin mata ta biyu. Kyautar Filmfare ta gasa guda ɗaya da ta samu ta zo ne daga fim ɗin Lahu Ke Do Rang na 1979, na darakta Mahesh Bhatt, inda ta fito a matsayin uwa mai rainon ɗan da ubansa ya tafi ya bari. Wato sai da ta ajiye fuka-fukan sannan aka yarda ta iya wasa. Ta janye daga fim a 1983. Ta dawo jefi-jefi a matsayin kaka a Khamoshi na 1996, da mahaifiyar Salman Khan, wanda ɗan mijinta ne a zahiri, a Hum Dil De Chuke Sanam na 1999, da shugabar makarantar 'yan mata a Mohabbatein na 2000, inda aka sake raɗa mata suna Monica don tuna baya. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri a 2009.

3.4 Alaƙar Wannan da Masu Kallo a Ƙasar Hausa

Shekarun da Helen ta yi tashe su ne shekarun da finafinan Indiya suka kafu a gidajen silima na Arewacin Nijeriya, ta hannun 'yan kasuwa Kwarori da suka fara shigo da su tun shekarun 1950. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna a maƙalarsa ta 1997 cewa abin da ya ja Hausawa zuwa ga waɗannan finafinai shi ne kamancin da suke gani tsakanin al'adun biyu: kunya, da suturar mata, da biyayya ga iyaye, da rikicin auren dole. Idan aka auna da wannan ma'auni, Helen tana wakiltar ɓangaren da bai yi kama da gida ba, kuma fim ɗin da kansa ya riga ya sanar da mai kallo haka ta hanyar sunanta da shigarta da makomarta. Ana iya cewa wannan ya sauƙaƙa wa Bahaushe kallon rawar ba tare da ya ji an ci zarafin jarumar da yake kwatantawa da 'yar'uwarsa ba.

Da finafinan Hausa na bidiyo suka kunno kai da Turmin Danya a 1990, suka kuma rungumi waƙa da rawa musamman bayan Sangaya na 1999, abin da suka aro shi ne waƙar soyayya tsakanin jarumi da jaruma, ba su ware wata 'yar rawa ta daban irin Helen ba. Saboda haka nauyin rawar ya faɗa kai tsaye a kan jarumar da labari ya gabatar a matsayin 'yar mutunci, kuma cakuɗar maza da mata a wajen wannan rawa tana cikin manyan ƙorafe-ƙorafen da suka kai ga dakatar da harkar fim a Kano a ƙarshen shekarar 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001. Babi na huɗu zai bi diddigin wannan muhawara.